Ganga a Cikin Bargo

Daren Alhamis, Maris 2015, unguwar Al-Badi'a, Riyad

Wata uku ke nan Majid, ɗan kafilina, wato maigidan da nake wa tuƙi, yana sa faifan ƙungiyarsu ta kiɗan rok a mota. Ni dai hayaniya nake ji, kamar ana zubar da kwanoni. Yau bayan la'asar na kai masa gangunansa wani gidan hutu da suka kama haya don yin wasa a ɓoye, tunda ba a yarda da irin wannan taro ba a nan. Na yi ta leƙen ƙofa, don in aka kawo samame, iƙamata, takardar izinin zamana, za a fara tambaya.

Saboda maƙwabta sai suka cusa barguna cikin gangunan. A nan na ga abin da faifan bai ɗauka ba. Majid ba ya kallon gangarsa, kafaɗun 'yan kallo yake kallo. In sun motsa ya ƙara, in sun lafa ya sassauta. Haka Baba yake yi da gangar noma, idonsa na kan fartanyar manoma.

A hanyar dawowa ya ce, "Ya Sani, wanne ya fi?"

Na ce, "Na faifan bango ka buga wa. Na yau ka buga wa mutane."

Ya yi dariya, ya kashe faifan.

Shekara shida rabona da jin gangar Baba. Yau na ji ta a Riyad, cikin bargo.