Kifi Mai Fukafukai a Labuan Bajo

Yaya Tarjo,

Ina gaishe ka da kyau. Yaya Inna, yaya gonar dankali? Ni lafiya lau nake. Wanke-wanken otal ya ɗan tsattsaga mini hannu, amma kada Inna ta ji.

Tunda za ka kawo ta nan Labuan Bajo ta ga teku, saurare ni. Masu jiragen bakin gaɓa za su tare ku da hotuna, su ninka muku kuɗi sau uku. Ku wuce su, ku nemi Baba Ruslan masunci a bayan kasuwar kifi. Ranar hutuna ya ɗauke ni, kuɗin mai kawai ya karɓa. Da muka yi nisa ya kashe inji, ya ce, "'Yar kan dutse, saki kwale-kwalen nan, ba zai gudu ba. Leƙa ƙasa."

Yaya, wani kifi mai fukafukai, faɗinsa ya fi ɗakinmu, ya ratsa ƙarƙashinmu a hankali. Sai hawaye kawai.

Don Allah ku zo kafin idon Inna ya ƙara rauni. Allah ya kawo ku lafiya.

Ƙanwarka,
Sumirah