Kwalbar da ka saya wa Baba

Yaya,

Na tafi aiki, ba zan jira ka ba.

Da safe na kai Baba asibiti, ƙafarsa ta sake kumbura. Gwaji ya nuna maganin tsinka jininsa ba ya aiki. Na nuna wa likita kwalbar bitamin K ɗinka, ta ce ita ke kashe maganin. Saura kaɗan jini ya toshe masa jijiya.

Sannu, babban likita. Wani a waya ya ce tana ƙarfafa ƙashi, shi kenan ka fi asibiti sani.

Kar ka ƙara ba shi ko ƙwaya ɗaya.

Kwalbar na kan gadonka. Shanye abinka, ƙila ƙashinka ya yi ƙwarin kai shi gwaji ranar Alhamis.

Ƙaninka