Hwatar da Ke Rarrahe

Litinin, 4 ga Nuwamba
Gyambon ƙwabrina ya ƙi rufewa tun da galma ta sare ni. 'Ya'ya sunka tilasta ni zuwa asibitin Rimawa. Wata malamar jinya, Selina, ta duba ta ce, "Baba, wa ka kankare maka bakin ciwon ga?" Nic ce ni, da aska, kullum sahe, in bi da toka. Haka ubana ya yi, haka kakana. Hwarin da ka hitowa gehe mataccen nama ne. Tac ce wai shi ne sabuwar hwata. Ɗiyar jiya!

Alhamis, 7
Wai hwata rarrahe takai. Ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani, daga gehe suna miƙa hannu gaba su kama ƙasan ciwo, su saki na baya, su jawo 'yan'uwansu. Wai toka na busar musu da hanya, aska na kwashe na gaba. Nic ce, "Malama, hwata na da ƙahwa?" Ba ta yi dariya ba. Tac ce in bai rufe ba Sakkwato za a kai ni, can kuwa ba ta san abin da za su bar min ba.

Lahadi, 10
Na kwance ƙyallen da tad ɗaure min ciwon da shi. Wari. Na kankare.

Talata, 12
Ta gane. Ta zagaye ciwon da biro bisa hwatata kamar mai shata gona. "Baba, ba ni mako biyu kawai." Nic ce ni ka riƙe da tarihin kowane gyambo na garin ga tun kahin a gina dam ɗin Goronyo, ba ita za ta koya min ba. Tac ce, "To nawa sunka warke da aska?" Rashin kunya.

Laraba, 13
Na ƙirga masu aska. Mainasara na Taloka, an yanke ƙahwa. Yusha'u mai jaki, da gyambo nai ya mutu. Ubana shi ma har kabari shina ɗingishi. Waɗanga ai ƙaddara ce.

Juma'a, 22
Ban taɓa ba, don dai in kunyata ta. Ƙaiƙayi kamar in yi hauka.

Talata, 26
An buɗe. Daga shatar biro zuwa jan nama akwai hwarin abu, hwaɗin ɗan yatsa. Kamar yaɗon dankali, ya tahi ya kahe, ya tahi ya kahe. Tac ce, "Mi ka gani, Baba?" Nic ce idona ba shi da kyau.

Alhamis, 28
Mode abokina ya zaka da toka da sabuwar aska. Nic ce mishi tokar ta yi sanyi, askar kuma ba ta da kaihi. Ya zauna bisa tabarma kusa da ƙahwar, nic ce matsa can, kak ka tada su. Yac ce su wa? Nig gyara ƙyallen bisa masu rarrahen.