Haƙorin da Yayanki Ya Sa Aka Dasa Min

Auta,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ya aikin asibiti, ya yaran?

Ranar Talata ina gaban keken ɗinki ina ɗinke bakin wata riga, na sa haƙori zan tsinke zare, sai na ji dasasshen nan na gaba ya motsa. Kaɗan ne, amma har cikin hancina na ji shi. Na ajiye rigar. A nan na gane wata uku ke nan ina yi wa kaina ƙarya.

Kin san haƙorin, wanda Yayanki ya kai ni aka dasa bayan na zame a banɗaki. Ya dinga tambayar likita irin ƙusar da za a ɗaura min a ƙashi, har likitan ya ce ko shi da yake kafinta zai karɓi aikin ne. Da muka dawo ya ɗaure almakashi da igiya a jikin kekena, don kar ya ƙara ganin zare a bakina. Tun da ya rasu na koma halina. Ɗan burushin tsakanin haƙora ma na daina, don shi ke riƙe min madubi.

Da fari jini nake gani in na wanke baki. Sai dasashin ya kumbura ya yi ja, ya ja da baya har ina hango ƙarfen. In na danna, wani ruwa mai wari ke fita. Yanzu da gefe nake gatsar abu.

A waya ba zan iya faɗa ba, kuka zai ci ƙarfina. Ki rubuto min maganin da zan saya, amma kar ki ce in je a cire. Shi ne abu na ƙarshe da Yayanki ya tsaya a kansa aka yi min.

Ki gaida mai gidanki.
Matar Yayanki

*

Matar Yaya,

Amin wa alaikis salam. Muna lafiya, yara na gaishe ki.

Wato sai da haƙori ya fara rawa kika tuna kina da ƙanwar miji nas? Wata uku! Da kina kusa da na ja kunnenki, girmanki ko oho.

Magani kam ba zan rubuto ba. Ƙwaya za ta kwantar da kumburin ki ɗauka kin warke, alhali ciwon na ci ta ƙasa. Wani lokaci hular haƙorin da aka ɗora a kan ƙarfen ce kawai ke kwancewa, a ɗaure ta a sallame ki. Amma jini da ruwa da warin da kika faɗa sun fi kama da ƙwayar cuta ta shiga tsakanin ƙarfen da ƙashi. Dasasshen haƙori mai lafiya ba ya motsi ko kaɗan. Sai an ɗauki hoto za a tabbatar, kuma in kika bari ƙashin ya ci gaba da zaizayewa, na kusa da shi ma za su bi sahu.

Ke kin fi ni sanin Yaya. In aka kawo masa kujera mai rawa ba ya ƙara mata ƙusa, sai ya kifa ta ya duba katakon.

Kuma kar ki ɗauka ke kaɗai ce. Fensirinsa na bayan kunne yana cikin jakata, duk ya tattaune shi, ban taɓa nuna wa kowa ba. Sai dai ni nawa ba ya cin ƙashina. Ranar da aka gama miki dashen ya kira ni, abin da ya ce kawai: "Auta, yau ta yi dariya ba ta rufe baki ba."

Ki je cikin makon nan. Ki daina taɓa shi da harshe, na san kina yi.

Allah Ya ƙara mana haƙuri.
Autarku mai baki

*

Auta,

Gaisuwa da godiya. Bakin naki dai sai addu'a.

Na je jiya. Ina zama likitan ya leƙa bayana ya ce ina mai gidan, yau bai zo sa ido ba? Ashe bai ji ba. Ya ajiye abin hannunsa, ya bar ni na gama kukana kafin ya duba.

Hoton ya nuna kusan rabin ƙashin da ke riƙe da shi ya tafi. Ya ce sai an cire, a wanke wurin, a jira wata huɗu a ga ko ƙashin zai karɓi wani. Na kusa da shi lafiyarsu lau, ya ce na zo a kan gaɓa. Na tambaya ko za a ba ni shi in tafi da shi gida, ya ce za a wanke a ba ni.

Ya rubuta min ranaku biyu, ya ce in kira in zaɓa. Ina so ya zama ranar da za ki samu hutu ki zo ki zauna a gefena. Ki faɗa min yaushe.

Na sa hannu a takardar. Kiran ne ban yi ba tukuna.

Taki,
Matar Yayanki