Sunayen da Kawu Emil Ya Tara

Tarnhill, Pennsylvania
21 ga Fabrairu

Zuwa ga ƙanwata Loretta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Walter, kuma hasken ranar Arizona yana yi wa gwiwoyinsa abin da likitoci suka kasa. Mu nan dusar ƙanƙara ta rufe ƙofofi, masu sharar hanya kuwa sai sun ga dama suke tunawa da unguwarmu.

'Yarki Nadine ta zo wurina ran Lahadi bayan an tashi daga coci. Na san kin riga ni jin labari: wai za ta nemi kujerar majalisar wakilai ta tarayya, za ta kara da Gerald Stoltz a zaɓen fid da gwani na watan Mayu. Na yi dariya har kofi ya sarƙe ni. Na tuna mata shekara goma sha takwas mutumin nan yana kan kujera. Sanatan jiha na yankinmu nasa ne, 'yan majalisar jiha biyu nasa ne, shugaban jam'iyya na gunduma surukinsa ne. Tun da aka sake yanka mazaɓar nan, duk wanda ya ci fid da gwani a jam'iyyar gidanmu ya gama, zaɓen Nuwamba rakiya ce kawai.

Ta bar ni na kai aya, sannan ta ce, "Kawu, ka gama darasin? Ba albarka na zo nema ba, ƙafafu na zo nema." Ta ba ni labarin wata mata da ta haihu a cikin mota a bakin hanya, don tun da aka rufe ɗakin haihuwa na garin nan sai an yi tafiyar mil hamsin. Ta ce shekara ashirin da biyu tana aikin jinya, wasiƙa shida ta rubuta wa Stoltz, amsa ɗaya ce ake aiko mata, kwanan wata kawai ake sakewa.

Ga abin da doka ta ce: kafin a buga sunanta a takardar ƙuri'a, sai ta kawo sa hannun mutum dubu, duka 'yan jam'iyya masu rajista, mazauna mazaɓar, a cikin mako uku. Ta fara yi mini bayani, na dakatar da ita. Shekara talatin da ɗaya ina koyar da wannan abu a sakandare ga yaran da rabinsu ke gyangyaɗi, ba ita za ta koya mini ba.

Jiya Juma'a na ɗauki takardun na tafi zauren coci, inda ake sayar da soyayyen kifi na lokacin azumi. Rabin mutanen da ke kan layi na taɓa koyar da su. Ray Sabol bakanike ya ce, "Malam Hrabak, yau kai ke roƙonmu rubutu? In na ƙi fa, babana za ka kira?" Na ce masa ya rubuta sunansa yadda ɗan Adam zai iya karantawa, ko da sau ɗaya ne a rayuwarsa. Mutum sittin da ɗaya na samu kafin kifi ya ƙare.

Ban yarda za ta ci ba. Irinsu Stoltz ba a kayar da su, mutuwa suke yi a kan kujera a ba ɗansu. Amma dai kwana biyar ke nan a jere ina aske gemu.

Ki gaishe da Walter. Ki huta lafiya.

Yayanki,
Emil

Mesa, Arizona
27 ga Fabrairu

Yaya Emil,

Na ga wasiƙarka, na gode Allah da kana raye, tun da ka rantse ba ka ɗaukar waya. Muna lafiya. Walter ya ce in gaya maka gwiwoyinsa sun fi halinka sauƙi.

Kai dai ba ka iya faɗin alheri sai ka naɗe shi da baƙar magana. Ka ce kana jin daɗin aikin mana, wa zai kama ka? Tun ranar da kwamitin jam'iyya na gunduma suka ɗaga hannu suka ba wani takarar majalisar jiha da kake nema, kana zaune a kujerar gaba da sabon kwat ɗinka, ba ka ƙara yi wa kowa fatan nasara ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan, Yaya. Ko makoki ne ai an fita.

Akwai abin da Nadine ba ta gaya maka ba, don ta san bakinka. Asibiti sun hana ta hutu, sai ta ajiye aikin gaba ɗaya. Na yi kuka, na yi faɗa, ta ce Mama in ban yi yanzu ba, ba zan ƙara samun ƙarfin hali ba. Ga yara biyu a makaranta. Ba ta da lauya, ba ta da ofis, teburin kicin ɗinta ne ofis. Ta ce mini ko ba ta ci ba, in dai sunanta ya hau takarda, dole Stoltz ya zo ya tsaya a gaban jama'a ya amsa tambaya. Abin da take nema ke nan. Ta kuma ce kai ne ka fi kowa kawo sunaye, wai ba wanda ke iya rufe wa Malam ƙofa.

Ka sa takalman nan masu ƙarfi, kada ka je ka faɗi a matakalar wani ka karye mana a wannan shekarun.

Allah ya ba ku sa'a. Sai na ji daga gare ka.

Ƙanwarka,
Loretta

Tarnhill
11 ga Maris

Loretta,

Ina gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya. Ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa.

Jiya Nadine ta kai takardun Harrisburg, babban birnin jiha, ranar ƙarshe. Sunaye dubu ɗaya da ɗari uku da arba'in. Ɗari huɗu da goma sha biyu daga cikinsu ni na tara. Ta dawo ta rungume ni a gaban mutane.

A ƙasan kowace takarda akwai wurin da wanda ya zaga da ita yake sa hannu, yana shaida cewa a gabansa aka rubuta sunayen. Ni dai sa hannu nake yi ban karanta ba, ina ganin na san abin tun ba a haifi wanda ya buga shi ba. Ran Alhamis da ta wuce ina zaune a mota ina jiran yatsuna su warware daga sanyi, idona ya faɗa kan layin. Ashe mai zagawar ma sai ya zama ɗan jam'iyya mai rajista.

Ni ba ɗan jam'iyya ba ne, Loretta. Mako biyu bayan abin da kwamiti suka yi mini na je sabunta lasisin tuƙi, na'urar ta tambaye ni jam'iyyata, na danna babu. Ban gaya wa kowa ba. Shi ya sa ba na zuwa fid da gwani, ba don raini ba kamar yadda nake cika baki, ba a bari na ne. Shi ya sa kuma ban rubuta sunana cikin dubun ba, Nadine ba ta lura ba. Na san mai sa hannu sai ɗan jam'iyya. Na ɗauka zagawa kowa ma yana iya yi.

Saura kwana biyar a lokacin. Da na faɗa, da an raba unguwannina wa mutum uku sun sake bi gida gida, da wataƙila an cike. Na tuƙa har ƙofar gidanta. Na hango ta ta taga tana jera takardu a tebur, na zauna minti ashirin a mota, na juya. Me zan ce? Malamin da ya hana ta yin bayani bai iya karanta layi uku ba? Sai na wuce ofishin rajista na koma jam'iyya, kamar hakan zai wanke takardun da ke ɗauke da kwanan watan baya.

Doka ta ba da kwana bakwai ga duk mai ƙorafi. In Talata mai zuwa ta wuce ba wanda ya ɗaga magana, shi ke nan, ba a ƙara dubawa. Mutanen Stoltz sunayen masu sa hannu za su bi, suna neman wanda ya ƙaura ko ya mutu. Wa zai tsaya binciken tsohon da duk gari suka san gidansu da jam'iyyar nan tun kakanni? Haka nake gaya wa kaina.

Don Allah kada ki gaya mata. Yanzu ba abin da saninta zai gyara.

Ki yi mini addu'a, in kina ganin na cancanta.

Emil

Mesa
16 ga Maris

Yaya,

Gaisuwa, don haka aka koya mana fara wasiƙa.

Sau tara na buga maka waya. Na san kana zaune kana kallon ta tana ƙara.

Kuskuren bai dame ni ba, kowa yana yi. Minti ashirin ɗin nan ne suka hana ni cin abinci. Ka auna kunyarka da aikin 'yata, kunyarka ta fi nauyi. Ita da ta ɗauke ka tamkar uba tun rasuwar mahaifinta.

Jiya ta kira ni tana murna, wai an ba ta zauren 'yan kwana-kwana za ta yi taro, ta yi odar alluna ɗari biyu masu sunanta. Ina riƙe da waya ina cewa madalla, madalla. Walter ya ga hawaye a idona ya tambaye ni me ya same ni, na ce albasa ce. Ban gaya mata ba, ba kuma don in rufa maka asiri ba. Bakina ne ya kasa. Ka ga inda ka ajiye ni.

Ka tashi ka je ka same ta. Ko ba zai gyara komai ba, gara ta ji daga bakinka da ta ji daga bakin lauya. Ban san ma ko wasiƙar nan za ta riga Talata isowa ba.

Allah ya sawwaƙe.

Loretta

Tarnhill
28 ga Maris

Ƙanwata Loretta,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Walter. Wasiƙarki ta iso ran Alhamis. Mutanen Stoltz sun shigar da ƙorafin ran Talata, saura awa ɗaya a rufe ofis. Shafi biyu ne kacal. Ba su taɓa sunan ko mutum ɗaya ba sai nawa.

Nadine ta kira ni tana dariya, ta ce ka ji ƙaryar da suka ƙirƙiro, wai Kawu ba ɗan jam'iyya ba ne. Na ce mata ba ƙarya ba ce. Sai dariyar ta tsaya.

Shekaranjiya muka je kotu a Harrisburg. Lauyan masu ƙorafi Curtis Yoder ne, wanda yake zama a layin gaba a ajina, na taɓa ba shi kyautar littafi. Da ya yi mini tsawa da ya fi mini. Ya matso mini da ruwa, ya tambayi lafiyata, sannan ya miƙo takarda ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, karanta mana kwanan watan da ke nan." Ranar da na koma jam'iyya ce. Ya ce, "Kwana biyar kafin a rufe karɓar takardu. Me ya kai ka ofishin rajista a ranar, Malam, bayan shekara goma sha ɗaya?"

Na rantse kafin in zauna, don haka na faɗi gaskiya. Har zuwa lokacin Nadine tana zaton ban sani ba ne sai da ƙorafi ya fito. Tana zaune taku huɗu daga inda nake. Ban dube ta ba, amma na ji lokacin da ta ajiye alƙalaminta.

Alƙaliyar ba muguwa ba ce. Ta ce ba ta shakkar cewa mutanen nan na gaske ne kuma da son ransu suka sa hannu, amma ba ita ta rubuta dokar ba. Ta soke takarduna duka. Saura ɗari tara da ashirin da takwas. Ba za a buga sunan Nadine ba, Stoltz shi kaɗai ne a takarda. Curtis ya tare ni a bakin ƙofa ya ce ni na koya masa karanta ƙananan rubutu. Ina jin yabo yake nufi.

Ita ta tuƙo ni gida, awa uku. Ta tsaya a gidan mai ta sayo mini kofi, ta tuna ba na shan sukari. Ta sauke ni a ƙofar gida ta wuce.

Na sha faɗa miki cewa an tsara ƙa'idodin nan ne don masu lauyoyi, talaka ya zame a kan layi ɗaya a kore shi. Har yanzu ban sauya ra'ayi ba. Sai dai ba na jin daɗin faɗinsa kamar dā, don ba su suka zauna a mota a ƙofar gidanta ba.

Ban san abin da zan yi ba. In kin sani ki rubuto.

Yayanki,
Emil

Tarnhill
3 ga Afrilu

Kawu Emil,

Ina kwana, da fatan kana shan magungunanka.

Na samu aiki a gidan kula da tsofaffi, zan fara Litinin. Mama ta ce kana tambayar abin da za ka yi.

Ga kwafin takardunka na haɗo. Mutanen nan har yanzu suna tare ni a kanti suna cewa sai Mayu. Wasu sun ji a rediyo wai sunayen bogi na kai. Ka bi su gida gida kamar yadda ka bi su da farko, ka gaya wa kowa da bakinka abin da ya faru da sunansa. Ni ba zan iya ba.

Kada ka zo gidana tukuna. In ka gama, ka rubuto mini.

Ka huta lafiya.

'Yarka,
Nadine