Jinin Mma Ne a Jikin Fareeda

Akwatialine, Kumasi

Zuwa ga Yayana Masahudu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata kana lafiya kai da iyali, ya sanyin Italiya, ya aiki? Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare ku a ƙasar mutane, amin. Mu nan sai godiya. Mai gidana Rafiu ya warke daga ciwon ƙafar, har ya koma tuƙa trotro ɗinsa, motar hayar nan. Ƙanwarmu Sajida ce dai jiki ya ƙi. Ta rufe teburin waakye ɗinta, inda take sayar da shinkafa da wake a kasuwar Race Course, maganin da ake ɗura mata a asibiti ya zubar mata da gashi, ko koko ta sha sai ya dawo.

Yaya, na koma ga takarda ne don ka daina ɗaukar wayata, ni kuma ba ni da wani babba a duniya sai kai. Ka san yadda ciwon nono ya cinye mahaifiyarmu Mma, ka san shi ya ɗauki ƙanwarta Iya Mamunatu, lokacin da duk unguwa ake cewa jifa aka yi musu daga kasuwa. Da ya kama Sajida tun ba ta kai arba'in ba, likitar ta zaunar da mu ta tambayi tarihin gidanmu. Ta ce akwai irin kansar da ake gado, kuma ana iya ganin alamarta a jini tun mutum yana lafiya. Aka ɗibi jinin Sajida aka aika waje, aka samu. Aka ɗibi nawa, ni ma aka samu. Ranar da na ji, na fito asibiti na rasa hanyar gida, ni da aka haifa a garin nan.

Likitar ta ce wannan ba hukuncin mutuwa ba ne. Wanda ya sani da wuri ana duba shi a kai a kai, a tare ciwon tun yana ƙarami. Ta kuma ce namiji ma yana ɗauka ya ba 'ya'yansa, ko da shi bai taɓa ciwon kai ba. Abin da na faɗa maka ke nan ka ce na shiga duba, ina leƙa abin da Allah ya ɓoye, ina ja wa zuriyarmu baki, kuma kada in kuskura 'yarka Fareeda ta ji. Maganarka ta hana ni sukuni, har na je Buokrom wurin Malam Yasin, wanda ya karantar da kai. Ya ce duba daban, awon likita daban, kuma wanda ya ga hadari ya kwashe shanyarsa bai yi wa Allah shisshigi ba. Ya ce in gaishe ka, in tuna maka 'ya'ya amana ne.

Na san tsoro kake ji, Yaya. Kai ka riƙe Mma a kwanakinta na ƙarshe, ka ga abin da mu ba mu gani ba. Amma rufe ido ba ya hana rana fitowa. A nan sai da aka kai jininmu wata ƙasa, ku kuwa asibitin yana bakin ƙofarku. Fareeda ta wuce ashirin da biyar, tana goyo, kuma har yau tana tsammanin hawan jini ne ya kashe kakarta. Ran Juma'a ta kira ta gaida Sajida, ta tambaye ni wane irin ciwo ne haka. Na ce ta tambayi babanta, na kashe wayar na yi ta kuka. Sajida ta ce in rubuta maka cewa da wani ya gaya mata tun da wuri, da ba ta tsaya shafa man kaɗe a kan ƙullutun nan ba har ya kai hammata.

Ina roƙonka don Allah, don darajar nonon da muka sha, ka je a gwada ka. Wataƙila ba ka ɗauka ba, hankalin kowa ya kwanta. In ba za ka iya ba, ka gaya wa Fareeda gaskiya ta je da ƙafarta. Ban taɓa tsallake maganarka ba tunda na yi wayo, amma zan jira ka zuwa Babbar Sallah kawai. In ka yi shiru, ni zan kira ta. Gara ka yanke zumunci da ni tana raye, da mu zauna lafiya da kai a tabarmar makokinta.

Ka gaida mini matarka Yaya Ruƙayya, da ɗanka Nasrullah, da Fareeda da jaririnta. Rafiu yana gaishe ka. Sajida ta ce ka kira ta, muryarka kawai take so ta ji.

Taka ƙanwa mai jiran amsarka,
Barakatu