A Madadin Jaruma

Umma,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar taki? Ina fatan ba kya shiga teku neman abin sayarwa a wannan sanyin. Ya ƙanena Deok-su?

Ni lafiya lau nake a Seoul. Fim ɗin na soyayya ne da ban dariya: yarinya ta faɗa tafki, ta ɓullo a zamanin sarakuna, yarima ya tsamo ta. Jarumar ba ta iya ruwa ba, ni nake faɗawa a madadinta. Da na fito ina karkarwa sai darakta ya ce, "'Yar tsibirin Jeju, kin yi iyo kamar kifi. Nutsewa nake so, koma."

Tarin da nake yi ba wani abu ba ne. Na nemi in zo gida, sai aka tuna min na sa hannu har fim na gaba, shi ma akwai tafki.

Ki aiko min busasshen ganyen teku in yi miya. Kuma don Allah kada ki tara matan unguwa ranar kallo. Bayana kawai zai fito, Umma, amma ke za ki gane shi.

Allah ya ƙara miki lafiya.

'Yarki,
Hye-rim